Yadda Tela Ya Ɗinke Rediyon Baba Tsoho

Duk layin ba wanda bai san Minti Biyar ba. Tela ne, kuma tsakani da Allah in ya hau keke ba a kushe ɗinkinsa. Ciwonsa ɗaya, bai yarda akwai aikin da ya fi ƙarfinsa a duniyar nan ba. Ka ce masa fankarka ta tsaya, kafin ka rufe baki ya ce, "Kawo ta, aikin minti biyar ne." Haka ya ce da agogon bangon mai aski, maƙwabcin shagonsa, agogon da har yau tara da kwata yake nunawa safe da yamma. A nan sunan ya bi shi, shi kuwa bawan Allah ya ɗauka kirari ake masa.

Matarsa tana da kaka, kowa Baba Tsoho yake ce masa. Shekara bakwai ke nan idanunsa sun tafi, ba abin da ya rage masa na hira da duniya sai wata tsohuwar rediyo ta katako, mai nauyin da sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗaga. Irin ta da ce, mai bawul, kwalaben nan da ke yin ja a ciki kamar ƙwan fitila, sai sun ɗau zafi kafin magana ta fito. A gaban rediyon nan Auta, ƙanwar matar Tela, ta girma, tana riƙe da cokali a baki tana kwaikwayon masu karanta labarai, tsohon yana gyara mata inda ta yi sauri. To, ga shi Allah ya yi, gidan rediyo sun ɗauki Auta aiki, kuma ranar Asabar da ƙarfe huɗu za ta karanta taƙaitattun labarai karo na farko, minti uku cak. Baba Tsoho ya rantse daga bakin rediyonsa zai ji ta, ba daga waɗannan ƙananan da yake cewa da hanci suke magana ba.

Ranar Litinin rediyo ta kama gurnani. Ko an rage murya, ko an sauya tasha, gurnanin yana nan, har ya danne maganar mutane.

Ranar Talata aka kira mai gyaran rediyo na bakin titi, wani dattijo da ba ya son yawan magana. Ya buɗe bayan akwatin a falo, ya leƙa, ya shinshina, ya nuna wani gwangwani mai sheƙi da ke tsaye kusa da kwalaben.

"Kondensa ce ta bushe, Baba," in ji shi. "Ita ke tace wuta kafin ta shiga. In ta tsufa ruwan cikinta ya ƙafe, sai ka ji wannan gurnanin. Kada a ƙara kunnawa, kar ta ja mana asarar taransifoma."

"Yaushe za ka gama?" in ji Baba Tsoho.

"Sai na aika an nemo masu jure wuta irin tata. Sati uku, in an yi sa'a."

Tsohon ya ɗora hannu a kan katakon yana shafawa. Kowa a falon ya ji babu daɗi, ban da mutum ɗaya. Tela ya zo ɗaukar matarsa ne, yana tsaye a bakin ƙofa, kuma tun da ya ji "sati uku" ƙirjinsa ya fara buɗewa.

"Sati uku a kan gwangwani ɗaya?" Ya yi dariya ya shigo tsakiyar falo. "Ni a sati uku sai in ɗinke wa layin nan kaf riguna har da na jarirai. Baba, ba ni ita. Aikin minti biyar ne."

Matarsa ta yi masa wani kallo, ya yi kamar bai gani ba.

"Malam Tela," in ji mai rediyo, yana mai da sukundireba cikin jaka, "wannan ba wando ba ne."

"Duk aikin hannu ɗaya ne, dattijo. A cire tsoho, a sa sabo, a haɗa baki. Ku dai kuna son ku riƙa tsorata mutane ne."

Baba Tsoho ya juyo da fuskarsa wajen muryar. "Angon jikata, ka tabbata? Ni fa muryar yarinyar nan kawai nake so, ba ni da wata buƙata."

"Baba, ranar Asabar za ka ji har numfashinta. In ba ka ji ba, a canza mini suna."

Mai rediyo ya sa hularsa, ya yi sallama. A bakin ƙofa ya ce wa matar Tela ƙasa-ƙasa ta riƙe lambar wayarsa.

Ranar Laraba da hantsi Tela ya sa aka sauke rediyo a kan teburin yanka na shagonsa, ya ture yadukan mutane gefe. Bai sa ta a ciki ba, a bakin ƙofa ya ajiye ta inda duk mai wucewa zai gani. Mai aski ya bar kan wani rabi da rabi ya fito, suka tsaya shi da mai kan.

"Injiniya, an koma gyaran rediyo ne?" in ji mai aski.

"An dai koma taimakon jama'a. Matsa ka ba ni haske."

Ya ce sai ya fara jin ciwon da kunnensa, don haka ya jona ta, duk da gargaɗin da aka yi. Kwalabe suka yi ja, gurnani ya cika shago. Ya gyaɗa kai kamar likita, ya zare filogi, ya ɗaga shi sama yana nuna wa mutane.

"Kun gani ko? Na cire wuta. Wannan shi ne ilimin farko, wanda bai san shi ba kada ya taɓa kayan lantarki."

Sai ya kwantar da injin, ya miƙa yatsa ƙarƙashin gwangwanin inda wayoyi suka haɗu.

Abin da mai aski ya gani shi ne, Tela yana tsaye, sai ga shi zaune cikin kwandon ƙyallaye, ƙafafu a sama, takalmi ɗaya ya yi tsalle ya faɗa kan titi. Wata ƙara ya yi siririya wadda ba wanda ya taɓa jin irinta a bakin magidanci. Hannunsa har kafaɗa ya mutu, harshensa yana ɗanɗanon ƙarfe.

"Injiniya, lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Tela, yana fitowa daga kwando da ƙyalle a kunne. "Gwada ta na yi, in ga ko da sauran rai. Akwai."

Daidai nan mai rediyo ya zo wucewa a kan kekensa. Ya sa ƙafa ɗaya ƙasa, ya dubi takalmin da ke titi, ya dubi Tela.

"Tana riƙe wuta ko an cire filogi," in ji shi. "Sai an sauke wutar da ta riƙe tukuna. Ka gode wa Allah tsohuwa ce, da sabuwa ce da yanzu muna maganar likkafani. Kuma kafin ka yanke waya, ka rubuta wace ke zuwa ina. Gwangwanin nan uku ne a cikin ɗaya."

"Na sani," in ji Tela.

Yana jira dattijon ya sha kwana, ya naɗe hannunsa da tsumma, ya ɗauko babban almakashinsa. A gindin gwangwanin akwai ƙafafu uku, kowace da alamarta a gefe, ɗaya rabin wata, ɗaya mai kusurwa uku, ɗaya mai kusurwa huɗu. Wayoyi biyar suka taru a wurin, duk tsufa ya mai da su launin ƙasa. Ƙyas, ƙyas, sau biyar, ya datse su gaba ɗaya.

"Ka gane wace ta ina?" in ji mai aski.

"Ni da nake farke riga in mayar ba a gane ba? Idona shi ne takardata."

"Waɗannan zane-zanen fa?"

"Ado ne. Mutanen da akwai son ado."

Ya ciro gwangwanin, ya zaro tef daga wuyansa, ya auna shi yadda yake auna mutum. Tsawo inci huɗu, ƙugu inci biyar. Ya rubuta da alli a bango, ya ja layi biyu a ƙasa.

Ranar Alhamis ya shiga kasuwa, shagon kayan lantarki. Mai shagon wata mace ce mai tabarau, da gani ta daɗe tana fama da irinsa.

"Kondensa nake so, baiwar Allah. Tsawo huɗu, ƙugu biyar."

Ta sauke tabarau ta dube shi. "Malam, siket za ka ɗinka mata? Lambobin jikinta nake so. Ina tsohuwar?"

Ya miƙa mata. Ta goge da bakin mayafi ta karanta. "Arba'in, arba'in, ashirin. Wannan yawan abin da kowace ke ɗauka ke nan. Ga kuma babbar magana a nan, bolt ɗari huɗu da hamsin, ƙarfin wutar da take jurewa. Ba ni da masu jure haka yanzu, sai an yi oda. In sun zo ma za ka gan su 'yan ƙanana, ba su fi ɗan yatsa ba."

"Ɗan yatsa? A cire wannan ƙatuwar a sa ɗan yatsa?" Ya girgiza kai yana murmushi. Ya gano ta, so take ta yi masa wayo. Idonsa ya faɗa kan wasu shuɗɗan kondensa a kan kanta, masu ƙiba, kowace da farin ratsi a gefe ɗaya. Ya ɗauki uku, ya haɗa su, ya zagaya musu tef. Ƙugu inci biyar da ɗan ɗoriya. "Ga su nan kina ɓoyewa."

"Waɗannan bolt ashirin da biyar suke jurewa."

"Za su saba. Yadi ma in an sa shi sau biyu yana buɗewa."

"Malam, wuta ba ta san sabo ba. Kuma ka ga ratsin nan? Ƙafar da ke gefensa ita ke zuwa jikin ƙarfen injin, ɗayar ita ke karɓar wuta. In ka juya su, ko masu kyau ne sai sun fashe."

"Baiwar Allah, shekara ashirin ina aiki da ratsi. Ba a koya mini ratsi."

Ta ƙulle masa su a leda, ta kira maƙwabciyarta ta ce ta zama shaida ta gaya masa.

Ranar Juma'a aka yi ɗinkin, don ba za a kira shi gyara ba. Tela ya ari ƙarfen narka dalma, ya jera shuɗɗan kondensa uku a gurbin gwangwani. Ya sa ta farko, ratsinta na kallon bango. Ta biyu, yadda wayar ta kawo, ratsinta ya kalli ƙofa. Ya ja da baya ya duba, ransa ya ɓaci. A rayuwarsa bai taɓa barin riga ta fita shagonsa ratsi bai hau kan ratsi ba, ba kuwa zai fara a kan rediyon Baba Tsoho ba. Ya ɓalle su, ya juya, ya daidaita har fararen layukan nan uku suka fuskanci gaba a jere, ƙafafu kuwa duk inda suka faɗa nan ya liƙa musu waya. Ya ɗaure su da baƙin zare, ya yi ƙulli mai kyau.

Wayoyi huɗu suka sami gida. Ta biyar ta tsaya tana lilo, ba inda za ta. Ya juya ta hagu, ya juya ta dama, ya kalle ta ya kalli rufi. Daga ƙarshe ya kalmashe ta sau biyu kamar bakin wando, ya cusa ta a lungu.

"Wannan fa?" in ji mai aski, wanda ya leƙo karɓar wandon da zai sa gobe.

"Rara ce. Masu kamfani suna barin rara, saboda ko rediyo za ta ƙara girma."

"Injiniya, ƙauri nake ji."

"Ƙamshin aiki ne."

Ba ƙamshin aiki ba ne. Ƙarfen dalma ne ya ajiye a kan wandon mai aski, ya huda shi daidai mazauni, rami mai faɗin bakin kofi. Mai aski ya ɗaga wando ya leƙo Tela ta cikin ramin. Tela ya ce ya kwantar da hankalinsa, zai sa masa aljihu a wurin, yanzu haka ake yayi.

Sauran yinin kuwa a kan kwalliya ya ƙare. Ya yage tsohon ƙyallen da ke gaban lasifika, ya sa leshi ruwan zuma. Ya ɗinka wa akwatin riga da geza, har da aljihun ajiye filogi. Ana cikin haka matarsa ta shigo, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Maigida, ka gwada ta?"

"Ke kin taɓa ganin tela ya sa rigar mutum kafin mai ita? Baba ne zai fara gwadawa."

Ƙarya yake. Tun ranar Laraba in ya kalli filogin nan sai kafaɗarsa ta amsa, ko da za a ba shi duniya ba zai jona shi shi kaɗai a shago ba.

"Ka saurare ni da kyau," in ji ta. "Tsohon nan kwana huɗu bai ci abincin kirki ba, kullum tambayarsa yau wace rana. Minti uku ne kawai, kuma karon farko ba ya dawowa. In ba ka iya ba, ka faɗa mini yanzu, in lallashe shi ya haƙura ya ji ta a ƙaramar rediyo."

A nan ya kamata ya faɗi gaskiya, har maganar ta zo masa maƙogwaro. Sai ya hango mai aski yana kasa kunne ta taga.

"Ke dai ki dafa shayi da yawa," in ji shi. "Na gayyaci mutane."

Ya kuwa gayyata. Ranar Asabar tun uku da rabi tsakar gidan Baba Tsoho ta cika, maƙwabta, 'yan uwa, har da wanda aka bari da rabin aski ranar Laraba. An fito da tebur an ɗora rediyo cikin rigarta. Baba Tsoho ya sa fararen kaya, aka zaunar da shi dab da lasifika, hannunsa a kan gwiwa. Mai rediyo ma ya zo. Ya roƙi a bar shi ya leƙa bayan akwatin, Tela ya ce sirrin sana'a ne. Dattijon ya shinshina iska, ya ɗauki kujerarsa ya mai da ita can bakin ƙofar fita, ya zauna a gefenta.

Tela ya shiga kicin shan ruwa, sai ya ga wata 'yar ƙaramar rediyo a ɓoye bayan tukunya. Matarsa ce ta aro, ko da wani abu zai faru. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, wato har matar da yake aure ba ta yarda da shi ba. Ya buɗe bayanta, ya zare batir biyu, ya jefa a aljihu, ya mai da ita inda take.

"Angon jikata, a kunna mana," in ji Baba Tsoho da huɗu saura goma. "Tana son ta ɗau zafi."

"Wannan da ne, Baba. Yanzu na sa mata sababbin kaya, ba ta jira."

Ya tsaya gaban tebur ya yi jawabi. Ya yi bayanin yadda wasu ke cewa sati uku. Ya yi bayanin haɗarin wuta, da yadda shi ya saba da ita har ba ta yi masa komai. Mai aski ya yi tari, mata suka sunkuyar da kai suna dariya cikin mayafi. Huɗu saura minti ɗaya ya yaye rigar, aka ga leshi, aka yi tafi. Sannan ya dubi filogi, ya dubi soket.

"Mai aski, na ba ka girma. Zo ka jona."

"Girman ya yi mini yawa, Injiniya. Jona abinka."

Ba yadda zai yi. Ya kama filogi da bakin rigarsa, ya miƙa hannu iya tsawonsa, ya kau da kai, ya tura.

Kwalabe suka fara ja. Tsakar gida ta yi tsit. Babu gurnani. Tela ya buɗe ido ɗaya, ya buɗe na biyu, ƙirjinsa ya fara dawowa. Can ƙasa-ƙasa aka ji wani siririn kiɗa, kiɗan da ake sawa kafin labarai. Baba Tsoho ya matso da kunnensa har yana taɓa leshi, bakinsa a buɗe.

"Kun ji ko?" in ji Tela. "Ina masu cewa sa..."

Sai wani tsss ya taso daga bayan akwatin, kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Mai rediyo ya miƙe ya ce, "A cire filogi, a janye tsohon." Matar Tela ta finciko kakanta da kujerarsa gaba ɗaya. Filogi kuwa ba wanda ya kusance shi, don wanda ya fi kowa kusa da shi ya riga ya kai bayan duron ruwa.

Tau! Kondensa ta farko ta tashi, murfin baya ya yi sama ya faɗo a kan tiren shayi. Tau! Ta biyu ta biyo, farin hayaƙi ya turnuƙe, wani wari kamar na ruɓaɓɓen kifi ya cika gida. Ta uku ta ɗan yi jinkiri, har mutane sun fara ɗagowa, sannan ta fashe ta fi sauran, ta watso tarkacen takarda mai laushi ya riƙa sauka a kan huluna da mayafai. Wutar gidan ta ɗauke. Mai aski ya haye katanga, sabon aljihunsa ya maƙale a ƙusa ya bar shi a can. Mai rabin aski ya fita da kofin mutane a hannu, sai washegari ya dawo da shi.

Matar Tela ba ta tsaya kallo ba. Ta ruga kicin ta fito da ƙaramar rediyo, ta durƙusa gaban kakanta tana murɗawa. Shiru. Ta bubbuga, ta girgiza, ta buɗe baya, ta ga wayam.

"Ina batir? Wa ya cire batir?"

Sai aka ga hannu ya fito daga bayan duro a hankali, da batir ɗaya a tafinsa. Ɗayan ya faɗi lokacin gudu, ya gangara ya shige magudanar ruwa. Aka sa tsinke, aka sa cokali, daga ƙarshe mai rediyo ya zaro na tocilarsa ya sa. Rediyo ta kama, wani namiji yana tallan sabulu. Agogo ya nuna huɗu da minti shida.

Matar Tela ta kashe ta. Hayaƙi yana ta bajewa, leshi ya yi baƙi ya rataya. Baba Tsoho yana zaune inda aka aje shi, tarkacen takarda a kafaɗunsa, bai ko kakkaɓe ba.

"Ta gama?" in ji shi.

"Ta gama, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Ina angon jikata?"

Tela ya fito daga bayan duro, ya durƙusa. "Baba, wutar da suka kawo yau ce ta yi ƙarfi. Ni tun safe na lura..."

Tsohon ya lalubo wuyan hannunsa ya riƙe, riƙon da Tela bai zaci akwai irinsa a jikin ɗan shekara tamanin ba. Maganar ta tsaya a nan. Wayar matar Tela ta yi ƙara, ta duba, ta ce Auta ce. Ta rasa yadda za ta yi, tsohon ya miƙo ɗaya hannun, ta kara masa a kunne. Gidan ya yi shirun da kowa na jin muryar yarinyar, tana haki don murna.

"Baba Tsoho, ka ji ni? Na yi sauri ko?"

"Na ji ki, 'yar nan," in ji shi. "Ba ki yi sauri ba ko kaɗan. Murya ce Allah ya ba ki, kina buɗe baki rediyon nan ta kasa ɗauka, sai da ta fashe."

Auta ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce Baba Tsoho ba ya rabo da zolaya, za ta zo gobe ya gaya mata inda za ta gyara. Da aka kashe wayar, hawaye ne ke bin fuskar tsohon, bai share ba don hannunsa ɗaya na riƙe da Tela, ɗayan kuma ya manta da shi a kan gwiwa. Tela ya so ƙasa ta tsage ya shige. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta barin mutum ya ɗaga ido.

Mai rediyo ya gama leƙa cikin akwatin da tocila marar haske, ya koma ya kunna ashana. Ya zaro wayar da aka kalmashe ya miƙar da ita, ya daɗe yana kallon ƙullin baƙin zare.

"Taransifoma ta tsira, da ƙyar," in ji shi. "Za ta tashi, Baba. Amma yanzu sati shida ne, uku na kondensa, uku na farke ɗinki."

"To, madalla," in ji Baba Tsoho. Ya jawo Tela kusa. "Ka ji, sati shida. Kullum ƙarfe huɗu ka rufe shago ka zo ka zauna a kan teburin nan, inda take zama. Kai ne rediyona. Labarai, wasanni, sanarwar rasuwa, duk kai za ka kawo. In ka makara, jikata ta san inda za ta same ka."

"Ko ni zan rako shi," in ji mai aski daga bayan katanga.

Aka sauke akwatin, Tela ya hau tebur ya zauna cikin ruwan shayi, mutanen da suka gudu suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya suna neman wurin zama. Tsohon ya saki hannun, ya bi kafaɗa da lalube har ya sami kunnen Tela, ya murɗa shi a hankali zuwa dama.

"Na kunna," in ji shi. "Gobe yarinyar nan za ta zo ta tambaye ni inda za ta gyara. Fara da abin da ta karanta yau."

Tela ya buɗe baki. Ya dubi matarsa, ta kau da kai. Ya dubi mai rediyo, dattijon yana ɗaure jakarsa. Tsohon kuwa ya karkato da kunnensa, yana jira.